Gafakar Yaya Zaituna

Yayata Zaituna ta girme ni da shekara shida, kuma duk kan da Allah ya hana ni, ita ya ba wa. Mahaifinmu Malam Alu malamin zaure ne a cikin garin Rano, ba shi da gona mai yawa, sai tarin littattafai da haƙuri. Zaituna ta sauke Alƙur'ani a gabansa tun ba ta isa ɗaukar tulu ba, ta shiga littattafai, ta iya rubutun ajami tsaf. Ni kuwa, Laraba, ina samun abin da zan yi salla da shi na jingine allo na rungumi farantin ƙuli-ƙuli. Duka ba irin wanda ban sha ba, amma ko baƙi ɗaya bai zauna mini ba. A lokacin har alfahari nake yi da haka, don wauta.

Aka kai ta aure Kibiya, gidan wani tela ana ce masa Nata'ala. Bayan shekara huɗu ni ma na biyo ta, aka ba ni wani manomi a unguwarsu, katanga uku ce tsakanin gidana da nata. Nata'ala dogo ne siriri, maganarsa a hankali, in ya tashi amsa gaisuwa sai ka ƙosa. Da yake mijin yaya ne, akwai wasa tsakaninmu, kuma ban taɓa raga masa ba. Ɗan Allura nake ce masa, in ce Yaya ta auri abin da iska za ta ɗauke ran kasuwa. Shi kuma ya ce da ni Gidan Rediyo, wai tun daga bakin rijiya ake kama tashata. Allah bai raya musu 'ya'ya ba. Uku suka haifa, duk suka koma tun suna goye, gidan ya zama daga ita sai shi sai keken ɗinki a zaure.

Da aka kawo ajin Yaƙi da Jahilci Kibiya, magidanta suka yi ta shiga, yawancinsu don su iya duba sikelin gyaɗa kada akawu ya yi musu sakiyar da ba ruwa. Nata'ala ya shiga don ya riƙa rubuta awon riguna, ya daina ƙulla zare yana mantawa na wa ne. Mai koyar da su wani Malam Musbahu ne, ya yi makaranta a birni, ya zo da wata adaka cike da ƙananan littattafai na boko. Sauran 'yan ajin suna iya rubuta sunansu suka watse. Shi Ɗan Allura sai ya leƙa cikin adakar nan, daga nan bai ƙara fitowa ba.

Ba irin tatsuniyar da muka sani ba ce a ciki. Aljanun littattafan nan ba a kan kuka ko a tsohuwar rijiya suke ba, a cikin birni suke, suna shiga jirgin ƙasa, suna bin layi a asibiti. Akwai labarin aljanar da ke dama fura a bakin tashar jirgi, duk wanda ya sha furarta sai ya fara ganin wani gari a ƙarƙashin garin, da titunansa da fitilunsa. Akwai na direban lori da aka ɗauka haya ya kwashe kayan sarkin aljanu, don safiyo mai awon ƙasa ya ja hanyar mota ta bi ta kan tsamiyarsu, dole su tashi. Akwai kotun aljanu mai akawu da tafinta da masinja, inda wani maƙeri ya kai ƙarar inuwarsa. Ni dai nakan ce wanda ya zauna ya shirya wannan ƙarya ba shi da aikin yi.

Kullum bayan la'asar Nata'ala zai rufe keke ya shigo cikin gida da littafi, ya zauna a kan turmi, Yaya tana kaɗi yana karanta mata. Karatun nasa da ƙyar yake tafiya, yana bin baƙi da yatsa, amma ba ta gajiya. Ba ta kuma barinsa ya wuce salin-alin. Sai ta tsai da mazari ta ce wannan direban sakarai ne, wa ke karɓar goro a hannun mutumin da ba shi da inuwa? Ko ta ce a koma baya, ba ta yarda da hukuncin alƙalin aljanu ba. Su yi ta musu a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba har tuwo ya kusa kamawa. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne aljanun ma wahala suke sha irin tamu, ana tashinsu daga gidajensu, ana raina su a ofis. Ta ce da ni wata rana, ita da ba ta taɓa wuce Rano da Kibiya ba, yanzu in aka ajiye ta a tashar jirgi ba za ta ɓata ba.

Shekara biyu suna haka, sai sanƙarau ya shigo da bazara. A unguwarmu kaɗai an fitar da gawa goma sha ɗaya. Ya kama Yaya, wuyanta ya sanƙare, ta yi kwana tara ba ta san inda take ba. Ta tashi, muka yi ta hamdala, sai muka lura ana yi mata magana ba ta juyowa. Na tsaya a bayanta na buga tasa da ludayi, ko gezau. Kunnuwan duka biyu sun tafi, kuma ba su dawo ba har ta koma ga Allah.

Wanda bai zauna da kurma ba bai san yadda mutane suke ba. Da farko kowa ya zo ya yi ta ɗaga murya a kanta. Daga baya aka koma nuni da hannu. Kafin shekara ta zagayo an gaji, sai a shigo a ɗaga mata hannu a wuce, a zauna kusa da ita ana hira kamar ba mutum a wurin. Bakinta lafiya lau, tana magana, amma da yake ba ta jin kanta sai muryar ta fito da ƙarfi ba daidai ba, mata su riƙa ƙunshe dariya a gidan suna. Ta gane, ta daina zuwa, maganar ma ta rage ta. Matar da a da ba a gama zance sai ta sa baki, ta koma zama a ƙofar ɗaki tana kallon bakin mutane. Ni kaina, Allah ya yafe mini, nakan shiga in fito ban ce mata komai ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Nata'ala ya gwada koya mata boko, abin ya ƙi. Ta yaya za ka gaya wa wanda ba ya ji yadda baƙi yake faɗi? Ta ture littafin ta ce rubutun da ke tafiya a baibai ba nata ba ne. Ya daina shigowa da littafi cikin gida don kada ya ƙona mata rai, sai ya ɓuya a zaure yana karatunsa. Ita kuwa ta sani sarai. Wata rana ta leƙa ta gan shi yana murmushi shi kaɗai da littafi a hannu, ta dawo ta yi jifa da mazarinta ya karye, ta shige ɗaki.

Washegari ya ari allo a maƙwabta. Ya ɗan taɓa karatun allo yana yaro, hannunsa a ajami kamar kaza ta bi ta kan gari, amma ya daure ya rubuta farkon wani labari ya miƙa mata. Ina wurin. Ta karanta, ta sake karantawa, ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam, ta ce, “Sai kuma me ya faru?” Rabon da in ji muryarta da rai a ciki tun kafin ciwon.

Allo bai yi ba, don ba ya cin abu mai yawa, kuma in za a ci gaba sai an wanke na baya, ita kuwa ba ta son a wanke, tana so ta koma ta sake bi. Sai ya koma sayen takarda irin ta malamai ran kasuwa. Ita ta riƙa dafa masa tawada da kanta, da gawayi da ƙaro, yadda ta ga mahaifinmu yana yi, ta fere masa alƙaluma. Ya aro littafi wurin Malam Musbahu, ya buɗe a kan cinya, ya riƙa juya shi daga boko zuwa ajami, shafi bayan shafi. Da safe ɗinki, bayan la'asar rubutu. Kafin tawada ta gama bushewa ta warce takardar.

Musun nasu ma sai ya dawo, amma a gefen takarda. Ta haɗa jar tawada tata ta kanta, in ta zo inda ba ta yarda ba sai ta rubuta a gefe cewa ƙarya ne, mace mai hankali ba za ta bi baƙo cikin rami ba. Shi kuma ya amsa a ƙasa da baƙa, ya tambaye ta to ita da me za ta yi. Tun suna yi a kan aljanu har ya zama komai nasu a nan yake. In sun saɓa, a nan ake faɗan, a nan ake shiryawa. Ranar da ta tuna da 'yar autarsu da ta rasu, a gefen labarin mai fura ta rubuta, ya ba ta haƙuri a ƙasa. Ita ce ta gaya mini haka da bakinta, tana nuna mini ja da baƙi, tana dariya ta ce hirarsu ta fi ta kowa a Kibiya, don tasu ba ta bin iska.

Shekara shida yana wannan aiki. Takardu suka taru sun fi ɗari uku. Da mahaifinmu ya rasu aka raba littattafansa, ita ta roƙi tsohuwar gafakarsa, wato jakar fatar da yake ajiye Alƙur'ani, ba komai a ciki. A nan ta zuba takardunta, ta rataye a bango saitin kanta. Da ta idar da sallar walaha za ta sauke, ta zaɓi wanda take so, ta zauna bakinta yana motsi, wani lokaci ta ƙyalƙyale da dariya, wani lokaci ta share hawaye. Duniyarta ke nan gaba ɗaya. Kuma babu wani kwafi a ko'ina, don ana saura shekara a karɓi mulkin kai aka yi wa Malam Musbahu canjin wurin aiki, ya ɗaure adakarsa a mota ya tafi can gabas. Ya bar su a tsakiyar wani dogon labari mai kashi uku, na wata mai wankau da ta sauka garin ƙarƙashin tasha neman mijinta. Biyu aka samu, na ukun bai taɓa zuwa Kibiya ba.

Zan faɗi gaskiya a kaina, tunda ba wanda ya rage da zai faɗa. Haushin gafakar nan nake ji. In shigo da labari a bakina, an yi kaza a bakin rijiya, wance ta yi yaji, ba ni da hanyar da zan zuba mata. In yi ta wutsil-wutsil da hannu kamar mai korar ƙuda, ta dube ni da tausayi ta gyaɗa kai, ta mai da ido kan takarda. Yayata da muka tashi a tabarma ɗaya, ta fi sanin halin mai furar aljanu fiye da halin da nake ciki. So nake ta ji muryata ko sau ɗaya ne, in ce Yaya ta ce na'am.

Da marka ta shekarar mulkin kai, aka ba Nata'ala aikin ɗinka tutoci da rigunan 'yan makaranta. Ya shirya zuwa Kano sayen yadi kore da fari, ya ce zai yi kwana huɗu, don ya ci alwashin ba zai dawo ba sai ya zagaye masu sayar da littattafai ya nemo kashi na ukun nan. Ya tafi da kwana ɗaya zazzaɓi ya kwantar da Yaya, irin na damina mai karya gaɓoɓi. Na aika ƙauyen Madachi aka gaya wa gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda kowa ke kira Iya. Ta iso a kan jaki tun kafin azahar.

Iya ba muguwa ba ce, kada wani ya ce na ce. Ita ta yi wa uwarmu wankan jego, ita ta goye mu. Amma in ta kafe a kan abu ko hakimi bai isa ba, kuma ita ma ba ta karatu. Ta ga gafakar ɗan'uwanta a bango, ta sauke da bisimilla, ta buɗe. Abin da ta fara cin karo da shi wani zane ne da Nata'ala ya yi wa Yaya na titunan garin aljanu, gida-gida murabba'i, da suna a cikin kowane gida. Iya ta dafe ƙirji ta ce wannan ai hatimi ne. Ta ce kundi ne guda na sirrin rauhanai yaron nan ya samo a wurin malamin boko, ya rataye a kan yarinya shekara da shekaru.

Na ce mata labari ne, Iya, shi da kansa ya sha faɗa, ita ma Yaya ta sha ba ni. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce tun da take ba ta taɓa jin an ɓata tawada da baƙaƙen Alƙur'ani a kan tatsuniya ba, balle a sa a gafakar malami. Ta ce labarin lulluɓi ne aka yi wa sirrin, haka masu abin suke yi. Ta ce maganin kunnen Zaituna yana rataye a kanta, amma mijinta ya sha boko ya raina rubutun sha, ya bar ta tana ta kallon magani da ido. Rubutu kuwa, in ji Iya, kowa ya san ba ya aiki sai ya shiga ciki.

“Ke ba kya son 'yar'uwarki ta ji kiran salla kafin ta mutu?” Haka ta tambaye ni.

Nan ta kama ni. Da na ruga zauren kowane malami a unguwar da shafi ɗaya a hannu, kafin a sha ruwa an gaya mana gaskiya. Ban je ba. Iya ta ce sirri in ya shiga idon wani ya karye, ni kuma na yarda don ina so in yarda. Na ce a raina, in da gaske ne fa? In kuwa ba gaske ba ne, ai takarda ce kawai.

Da rana tsaka muka yi, a bayan madafa, Yaya tana ɗaki zazzaɓi ya rufe ta. Na ɗebo ruwan sama mai tsabta a babban masaki. Iya ta ce kada a bar ko ɗaya, don ba mu san a wane shafi sirrin yake ba. Tana miƙo mini ina tsomawa ina murzawa. Tawadar gida ba ta da gardama, tana taɓa ruwa take saki. Aikin wata guda ya tafi kafin a ƙirga goma. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, can sai na ga ja yana tasowa yana bin yatsuna. Na san na wane ne. Hannuna ya tsaya, wallahi ya tsaya. Iya ta ce in yi sauri kada hadari ya taso, na sunkuyar da kai na ci gaba. Kafin la'asar mun gama da takarda ɗari uku da wani abu.

Muka tace da tsumma mai kyau, muka zuba a sabuwar tukunya. Dusar takardar Iya ta sa na haƙa rami a gindin katanga na binne, don ba a zubar da abin da ya taɓa baƙaƙe a juji. Kun ji ladabi. Muka tashi Yaya, na tallafo kanta, na kafa mata ƙoƙo a baki. Ta ɗauka rubutu ne aka karɓo mata wurin wani malami saboda zazzaɓin, ta yi bisimilla ta shanye, har ta ce Allah ya saka. Safe da yamma muna ba ta, Iya tana ɗiga mata a kunne da auduga, kwana uku cur.

Zazzaɓin ya sauka, yadda zazzaɓi yake sauka in ya gama kwanakinsa. Iya ta zagaya bayanta ta tafa hannu, ta kira sunanta, ta buga tasa. Shiru. Ta ce irin wannan sai ya kwana bakwai yake kama jiki, kuma ta bar shuka ba mai duba mata. Ta hau jakinta ta koma Madachi da safiyar ranar da Nata'ala zai dawo. Ta bar ni da tukunya.

Da hantsi Yaya ta tashi zaune, ta sha kunu, ta nuna mini bango ta ce in miƙo mata gafaka, ta yi kewar mutanenta. Na sauke na ba ta. Tun daga nauyin ta gane. Ta buɗe, ta zura hannu har ƙasa, ta juye ta ta girgiza, ta ɗago ta dube ni. Ba ni da bakin da za ta ji, ba ni da rubutun da za ta gani. Sai na durƙusa na nuna mata da hannu, na yi alamar murzawa a ruwa, na nuna tukunya, na nuna bakinta, na nuna kunnenta.

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Duka?” ta ce.

Na gyaɗa kai.

“Har da jan?”

Na sake gyaɗawa. Ta ɗora hannu a kan cikinta, ta juya ta fuskanci bango ta kwanta.

Bayan azahar Nata'ala ya shigo da ƙunshin yadi a ka, bakinsa har kunne, yana ɗaga wani ɗan littafi sama tun daga zaure. Ya samo na ukun. Yana ganina ya fara tsokana, wai Gidan Rediyo yau an ɗauke wuta ne? Na gaya masa a tsaye, ban rage komai ba. Ya sauke kayan a hankali, ya je ya leƙa tukunyar, ya dawo. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki muciya ya rafka mini. Abin da ya ce kawai shi ne, “Laraba, ai na gaya muku labari ne.” Daga ranar bai ƙara kirana Gidan Rediyo ba. Kullum zai gaishe ni da ladabi, ya tambayi maigidana da yara, kamar wata baƙuwa daga wani gari.

Ana ta kaɗe-kaɗen mulkin kai a filin makaranta, tutocin da ya ɗinka suna sama, shi yana gida yana juya kashi na uku. Ya gama ya ba ta. Ta karanta har ƙarshe ta mayar masa, gefen takardar fari fat, ba ta ɗiga ko ɗigo ba. Jar tawadar ma ta zubar da ita. Ya aika wasiƙa neman Malam Musbahu, ba amsa. Ya koma Kano sau biyu, aka ce irin waɗancan an daina buga su. Sai ya zauna yana ƙoƙarin rubuto na baya da ka. Ya yi wajen shafi arba'in, ta duba ta ce ba haka yake ba, mai furar ba haka ta faɗa ba, kuma ina abin da ita ta ce a wurin? Wannan kam ba shi da inda zai samo shi. Ga ido ya fara ba shi wahala, allura da rubutu sun cinye shi, har ya kai sai an zura masa zare. Shekarar da aka fara yaƙin basasa ya kwanta da tari, bai tashi ba.

Iya ta riga shi, kuma har ta mutu tana cewa da an bari an cika kwana bakwai da an ga aiki. Ita ta tafi da zuciyarta fes. Ni ce na san abin da na sani lokacin da hannuna yake cikin masaki.

Da Yaya ta fita takaba ba ta da inda za ta sai gidana. Na share mata ɗaki, ta zo da tabarmarta da 'yan kwanukanta. Ba ta taɓa yi mini rashin mutunci ba. Ta ci tuwona ta yi godiya, ta goyi jikokina, ta taya ni tsince gyaɗa. Amma yanzu babu mai rubuta mata ko gaisuwa a duk faɗin duniya, sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ina kallonta tana zaune bayan la'asar, hannu a cinya, tana duban ƙofa.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai na ɗauki allo na tafi wurin wata Malama Khadijatu da ke koyar da matan aure a unguwar. Aka yi ta yi mini dariya, wai tsohuwa ta tuna da makaranta. Kan nan nawa da ya ƙi tun ina yarinya bai canja ba, abin da wasu ke ɗauka a mako ni sai na yi wata uku. Shekara biyu da rabi ina fama a ɓoye, ban bari Yaya ta sani ba. Ba don in karanta littafi na yi ba. Magana ɗaya nake so in faɗa mata, wadda hannu ba ya iya nunawa.

Ranar da na ga zan iya, na dafa tawada, na sami takarda mai kyau, na ɓata uku kafin ta huɗu ta fito. Layi biyu ne. Na ce ni ce Laraba, na san labari ne tun kafin in sa hannu, so nake ki ji ni, ki yafe mini don Allah. Na same ta a ƙofar ɗaki bayan azahar, na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu.

Ta dubi takardar, ta dube ni, ta gane ni na rubuta. Ta karanta a hankali bakinta yana motsi, yadda take yi a da, har na ji zuciyata ta fara sanyi. Ta koma farko ta sake bi. Sannan ta jawo ƙoƙon ruwan da ke gefenta, ta tsoma takardar, ta murza da babban yatsa, ba gaggawa, har ta fita fes. Ta miƙo mini ƙoƙon.

“Shanye,” ta ce.

Na shanye. Malama Khadijatu da na ba ta labari ta ce wata hanyar yafiya ce, in kwantar da hankalina. Ita ba ta ga idon Yaya ba. Yaya ta ƙara shekara uku a gidana, na rubuta mata sau biyar bayan wannan, har da labarin unguwa da na san za ta so. Ko ɗaya ba ta buɗe ba, sai in tarar da takardar a ninke a inda na ajiye.